Mai Jan Taragon Tudu

Shekara ashirin da shida ina jan taragon nan
daga bakin teku zuwa kan tudu, a Balparaiso.
Minti biyu hawa, minti biyu sauka,
igiyar ƙarfe na kuka kamar tsohuwar ƙofa.

Makarantu biyu gare mu, duk na gwamnati.
Ɗaya a sama, inda iska ke kaɗa tuta,
ɗaya a ƙasa, bayan kasuwar kifi,
inda ƙarni ke riga ɗalibai shiga aji.
Da safe nakan hau da 'yan riga shuɗiya,
in sauko da 'yan riga ruwan toka,
ban taɓa tambayar wa ya fi wa ba
sai bana, da Maite jikata ta cika shida
uwarta ta bar min takarda a kan tebur:
Baba, kai ne a gari, ka zaɓa.

Kowa ya zama alƙali.
Evaristo mai burodi ya ce sama,
ai sun manna sakamakonsu a bango, kowa ya gani.
Matar mai gyaran raga ta ce ƙasa,
can ne ɗanta ya daina in'ina.
Wani fasinja da ban sani ba
ya ce duk kanwar ja ce, ya sauka.

Gani ya kori ji. Ranar Talata na ɗauki hutu.

A sama, fenti sabo, bene na sheƙi,
kwamfuta ashirin a jere ƙarƙashin mayafi.
Ɗakin karatu a kulle, mai mabuɗin ya fita.
Shugabar ta ba ni minti huɗu a tsaye,
ta kira jikata Marta, sau biyu,
ban gyara mata ba.
Amma na leƙa wani aji ta taga
na ga yarinya kamar Maite
tana raba lamba uku da biyu a allo,
hannunta ko rawa ba ya yi.

A ƙasa, bokiti uku a tsakar aji
suna jiran ruwan Yuli.
Malama Ximena ta ja min kujerar yara,
gwiwata ta kusa taɓa haɓata.
Ta san wanda bai karya ba,
ta san wanda ubansa ke teku tun Asabar.
Na tambayi malamin lissafi.
Ta dubi bokitin kafin ta dube ni:
ya tafi tun Afrilu, muna jira.
Ba ta yi min ƙarya ba. Da ma ta yi.

Daren nan na auna, na sake aunawa,
sikelin bai tsaya ba.
Ni da na bar aji a shekara ta biyar
nake ƙirga canji da yatsu har yau,
me na sani game da rabawa?
Na san dai abin da rashinsa ya ci min.

Na rubuta ta sama.
Biro ya huda takardar wajen sa hannu.

Yanzu kullum bakwai da kwata
Maite na shiga da shuɗiyar riga mai tsawon hannu,
ta tsaya kusa da birki, ta ƙirga rufin gidaje.
Idan muka kai sama ta fita,
Malama Ximena ce ke shigowa,
don gidanta a tudu yake, aikinta a gangare.
Takan miƙo kuɗinta, ta ce ina kwana,
ya karatun Maite?
Daidai take faɗin sunan.
Ni kuwa in ce lafiya lau,
in saki birki,
mu sauka tare, minti biyu,
ina kallon igiya.